Beyar biyu da mai sanƙo: abin da iyalan ƙasar Sin suke nema a gidan silima

Ranar 29 ga Janairun 2025, wadda ta zo daidai da ranar farko ta sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa, gidajen silima na ƙasar Sin suka fara haska fim ɗin katun mai suna Ne Zha 2. Kafin wata guda ya cika ya zama katun ɗin da ya fi kowanne tara kuɗi a tarihi, daga baya ma ya haura dalar Amurka biliyan 2. Kafafen labarai na duniya sun yi ta yayata shi, kuma ya cancanci hakan. Sai dai a wannan rana, a waɗannan gidajen kallo, an saki wani katun ɗin da kusan babu wanda ya waiwaye shi a wajen ƙasar: fim na 11 a jerin Boonie Bears, labarin barkwanci da ƙagaggiyar kimiyya da aka shirya domin iyali. Ni a ganina wannan na biyun ne ya fi dacewa mai 'ya'ya ya tsaya ya duba, domin abin da ya yi ya fi wuya. Fim ɗaya ya girgiza duniya abu ne da ke faruwa jefi-jefi. Amma iyaye su riƙa kama hannun 'ya'yansu suna kai su kallon abu ɗaya shekara bayan shekara har fiye da shekara goma, wannan amana ce, kuma kuɗin talla ba ya sayen ta.

Ga wanda bai san su ba, Boonie Bears shirin talabijin ne da kamfanin Fantawild na birnin Shenzhen ya fara a 2012. Beyar biyu ne, wa da ƙane, a cikin wani daji. Wan mai wayo ne da tsare gida. Ƙanen ƙato ne mai kwaɗayin zuma, ga rashin dabara ga tsarkin zuciya, maganarsa irin ta mutanen karkara. Abokin faɗansu wani ɗan tsamurarren mutum ne mai sanƙo, Sinawa na ce masa Guangtou Qiang, a fassarar Turanci kuma Vick, sana'arsa saran itace. Kullum sai ya ɗauko zartonsa ya shiga daji, su kuma su hana shi sakat. Labarin ke nan, an juya shi ɗaruruwan lokuta. Amma akwai wani abu da aka saka a ciki tun farko wanda ya riƙe shirin har yau. Mai sanƙon nan yana da ubangida da kusan ba a ganin fuskarsa, sai muryarsa a waya yana zazzaga masa masifa, yana cewa in katako bai iso ba to albashi ma ba zai iso ba. Yaro yana ƙyalƙyala dariya don beyar ta fatattaki mai zarto. Uban da ke zaune a gefensa, wanda shi ma da safen nan aka yi masa tsawa a wurin aiki, yana kallon wani abu dabam.

Farkon tafiyar ba ta yi daɗi ba. A watan Afrilun 2013, a lardin Jiangsu, wani yaro ya ɗaure wasu yara biyu wa da ƙane a jikin bishiya ya cinna wuta, suka ƙone sosai, aka ce kwaikwayon abin da suka gani ne a wani shahararren katun na tumaki da kyarkeci. Magana ta kai kotu, kotu ta ɗora wa kamfanin da ya shirya wancan katun kashi 15 cikin 100 na diyya. A shekarar ne kuma babban gidan talabijin na gwamnati ya fito ya ambaci wancan shiri da Boonie Bears da suna, ya zarge su da yawan duke-duke da kalaman da ba su dace da kunnen yara ba. Zargin kuwa yana da tushe. Mai sanƙo na yawo da bindiga da zarto, bakinsa ba linzami.

Yadda kamfanin ya karɓi wannan suka shi ne abin da ya fara jan hankalina. An tace tsofaffin shirye-shiryen, sannan a hankali aka sauya mutumin kansa: ya ajiye zarto, ya koma ɗan rakiyar masu yawon buɗe ido, gaba ta koma abota. Wasu a Sin ɗin suna cewa an zare wa shirin gishirinsa, kuma na fahimce su, don faɗan nan shi ne abin dariyar. Amma da aka rufe ƙofar duke-duke, dole marubuta suka nemi wata ƙofar, kuma wadda suka samu ta fi ta farko faɗi nesa ba kusa ba.

Fim ɗin silima na farko ya fito a 2014, ya tara kusan yuan (kuɗin ƙasar Sin) miliyan 250. Daga nan kowace sabuwar shekara sai sun fito da sabo, in ban da 2020 da annobar korona ta sa aka rufe gidajen kallo, aka ɗage na shekarar zuwa 2021. Na 2022 ya kusa yuan biliyan 1. Na 2023 ya kusa biliyan 1.5, ya zo na uku a kakar bikin, bayan manyan fina-finai biyu da aka kashe wa maƙudan kuɗi. Na 2024 ya kai wajen biliyan 2, wato sama da dala miliyan 250. In aka haɗa su duka sun wuce yuan biliyan 8. Wannan hawa ya zo daidai da lokacin da suka rungumi labaran kimiyya gadan-gadan: na'urar da ke ƙanƙantar da mutum, kumbon da ya faɗo daga sama, mutum-mutumin inji, tafiya zuwa jiya da gobe.

Ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba. A 2019 fim ɗin The Wandering Earth, wanda aka ɗauko daga labarin marubuci Liu Cixin, ya tara sama da yuan biliyan 4, ya nuna cewa Sinawa na da ƙishirwar ganin kansu a sararin samaniya, ba sai Amurkawa kaɗai ba. A 2020 hukumar fina-finai ta ƙasar da ƙungiyar masana kimiyya da fasaha suka fitar da takardar manufofi ta musamman don ƙarfafa irin waɗannan fina-finai. Saboda haka wanda ya ce beyar nan sun bi inda iska ke kaɗawa bai yi ƙarya ba. Inda na rabu da shi shi ne in ya ce iyakar abin ke nan.

A duba fim ɗin beyar na 2018. Na'ura ta mayar da mai sanƙo da beyar biyu 'yan mitsi-mitsi, ciyawa ta zama kurmi, ƙwari suka zama dodanni. Yara sun samu abin dariya da abin tsoro. Amma ƙashin bayan labarin shi ne mahaifin mai sanƙo da ya zo masa ziyara, tsoho mai tsauri da bai iya furta ƙauna ba, da ɗa mai ganin bai taɓa burge ubansa ba. A duba na 2023, wanda a wurina shi ne gwarzonsu. Tun suna jarirai uwarsu ta ɓace a daren da gobara ta tashi a daji. Ƙanen ya girma yana sa ran za ta dawo. Wan ya girma da ƙulli a zuciya, yana ganin ta yar da su ne ta tafi, har ba ya son a ambace ta. Da suka bi sawu sai suka gano cewa wadda ta rene su ba beyar ba ce, inji ce da aka ƙera. Sai tambaya ta faɗo a gaban yaro ɗan shekara bakwai da kakarsa a lokaci ɗaya: wadda ta ciyar da kai, ta rufa ka da dare, ta tare wuta da jikinta dominka, in aka ce maka ƙarfe ce da waya, uwarka ce ko ba uwarka ba ce?

Wannan tambaya tana da nauyi na musamman a ƙasar da miliyoyin yara suka tashi a ƙauye hannun kakanni, iyayensu na can birane suna aiki a masana'antu, ba sa dawowa sai a wannan biki na sabuwar shekara. Yaron da ke ganin uwarsa kwana bakwai a shekara ya san ƙullin da ke zuciyar wan beyar. Uwar da ta kwana a jirgin ƙasa don ta iso gida ita ma ta san abin da fim ɗin yake faɗa a madadinta, cewa tafiya ba ƙi ba ce. A zaunar da su biyun a kujeru maƙwabta, a cikin duhu, a bar katun ya faɗi abin da bakinsu ya kasa, wannan aiki ne babba. Ban damu ba ko injin da ke cikin labarin zai yiwu a kimiyyance. Ba darasin fiziks aka je ɗauka ba. Amfanin ƙagaggiyar kimiyya a nan shi ne ta ɗan nisanta zancen daga gida yadda za a iya kallonsa ba tare da an ji kunya ba.

To yaya aka karɓe su? A nan ne ake samun baki biyu. A shafin Douban, inda masu kallo na Sin ke ba fina-finai maki, galibi waɗannan suna yawo ne tsakanin 6 da 7 cikin 10, alhali Ne Zha 2 ya wuce 8. Masu ji da kansu a harkar fim suna ɗaukar su abin rarrashin yara. Da aka kai wasu daga cikinsu gidajen silima na Ingila da muryoyin Turanci, masu sharhi a jaridu ba su yaba sosai ba. Sun koka da hayaniya, da labari mai tsalle-tsalle, da abubuwan da aka aro daga Hollywood. Akwai gaskiya a ciki. Fina-finan nan suna da gaggawa, ba sa bari ido ya huta, kuma sau da yawa minti ashirin na ƙarshe faɗa ne da fashe-fashe wanda za a iya cire rabinsa ba a yi asarar komai ba. Amma mai sharhin da ya shiga shi kaɗai da biro da takarda, bai san mai sanƙo ba, bai taɓa jin muryar ubangidansa a waya ba, ba fim ɗaya ya kalla da iyalin da suka shekara goma tare da waɗannan halittu ba. Zuwa kallonsu ya zama wa iyalai da yawa kamar ɗinkin sallah, ba a tambayar ko za a yi, sai dai a tambayi wane iri ne na bana.

Wani misali zai ƙara fito da maganar. A 2018 Netflix ta sayi wani katun mai suna Next Gen, labarin yarinya mai fushi da mutum-mutumin da ya zama abokinta, wanda aka ɗauko daga wani labarin zane na Sin aka haɗa shi da taimakon wani kamfani na Kanada. Rahotanni sun ce ta biya dala miliyan 30. Aikin zanensa ya fi na beyar kyau, masu kallo a waje sun so shi. Amma da aka haska shi a gidajen silima na Sin a 2019 bai yi kasuwa ba. Kyawun zane bai isa ya fito da uba da uwa da kaka daga gida ba. Sai sun san waɗanda za su je gani.

Duk da haka ba zan ce nasarar beyar nan gumin marubuta ne zalla ba, don ba haka ba ne. Tun 2006 hukumomin Sin suka hana gidajen talabijin nuna katun na waje daga ƙarfe 5 zuwa 8 na yamma, a 2008 aka ƙara zuwa ƙarfe 9. Wato daidai lokacin da yara ke gaban talabijin an share wa na gida fili. Gwamnatocin larduna da birane kuma suka riƙa ba da tallafi gwargwadon yawan mintunan da kamfani ya samar, abin da ya haifar da tulin shirme mai yawa, har da masu satar fasaha. A 2016 wata kotu a Shanghai ta ci tarar masu wani katun na motoci da suka kwaikwayi na Disney da Pixar. Sannan makon sabuwar shekara shi ne mafi tsoka a kasuwar fim ta ƙasar, kuma ba a saba sakin fina-finan Hollywood a cikinsa ba. Ga shi Fantawild na da wuraren shaƙatawa masu yawa a biranen Sin, da kayan wasa, da jakunkuna, da kayan ciye-ciye masu hoton beyar, ta yadda fim ɗin kansa talla ne ga sauran hajar. Duk wannan gaskiya ne. Amma filin da aka share, ɗaruruwan kamfanoni aka share wa, tallafin ma da yawa sun ci. Ina suke yau? Kariya tana ba ka lokaci ne kawai, abin da ka yi da lokacin kuma naka ne.

Damuwata ta gaskiya a wani wuri take. Fim ɗin 2024, wanda ya fi duka kawo kuɗi, ya buɗe ne da mai sanƙo a matsayin ma'aikacin ofis a birni, mai rubuta manhajar kwamfuta, yana cunkuso a hanya, yana jure wulaƙancin shugabanni, da dare yana mafarkin wani daji da wasu beyar biyu da bai san daga ina ya san su ba. Wa aka yi wa wannan? Ba ɗan shekara biyar ba. An yi shi ne domin wanda yake ɗan firamare a 2012, yanzu ya zama saurayi ko budurwa mai fama da aiki daga tara na safe zuwa tara na dare, yana kewar ƙuruciyarsa. Su ne suka cika kujerun, su ne suka yi ta rubuta a intanet cewa sun zubar da hawaye. Kuma lissafin kamfani a fili yake. A 2016 an haifi yara kusan miliyan 18 a Sin, a 2023 kuwa miliyan 9 da 'yan kai. Yara na raguwa, don haka dole a nemi manya.

Na fahimci lissafin, amma ina jin tsoronsa. Fim ɗin iyali yana da mai haƙƙi na farko, shi ne yaron. In aka wayi gari labarin ya koma na gajiyar ma'aikata da nadamar manya, aka bar wa yaro faɗuwa da tuntuɓe kawai don kada ya yi barci, to an karɓe masa abinsa da wayo. Na 2025 ya kai su shekara 100 gaba, zuwa duniyar da wasu tsirrai masu haɗari suka mamaye, mutane na neman mafaka, kuma laifin na komawa kan mai sanƙo. Ya tara wajen yuan miliyan 800, ƙasa da rabin na 2024. Ba zan ɗora wannan a kan labarin ba, don duk fim ɗin da ya fito rana ɗaya da Ne Zha 2 ya ji a jikinsa. Amma duniyar da ta rushe abu ne mai nauyi ga ƙaramin yaro, kuma ƙasar Sin har yau ba ta da tsarin rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo. Fim ko dai hukuma ta amince kowa ya kalla, ko ta hana baki ɗaya. Uba na shiga da ɗan shekara huɗu bisa yarda da sunan da ya sani, ba don wani ya gaya masa abin da ke ciki ba. Wanda aka ba irin wannan yarda nauyinsa ya fi na kowa.

Abin da ya sa zancen ya shafe mu shi ne kayan Sin sun riga sun shigo falonmu. Mun daɗe da sanin fim ɗin Chainis tun zamanin Bruce Lee da Jackie Chan. StarTimes, kamfanin Sin da ke aiki a Nijeriya tare da NTA tun 2010, yana da tashar Hausa, kuma yana fassara fina-finan Sin zuwa harsunan Afirka har da Hausa. Katun ɗin beyar nan kuwa suna nan a YouTube, a wayar da uwa ke miƙa wa yaro don ta samu ta ƙarasa girki. Yaranmu za su kalle su ko mun so ko ba mu so ba, kuma ni ban ga abin ƙi ba a labarin da ke cewa a girmama uwa, a sasanta da uba, a bar daji ya rayu. Wanda ya ga yadda hamada ke cin gonaki a Yobe da Damagaram ba zai raina katun ɗin da jigonsa hana sare bishiya ba ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke ɗaukar katun abin da ba ya buƙatar kulawa. Muna tace fim ɗin manya, mu yi ta muhawara a kan rawa da waƙa da sutura, amma abin da yaro ke zuba wa ido awa uku a rana babu mai tambaya. Kano na da gwanayen fassara da suka sa jaruman Indiya magana da Hausar Fagge har mutum ya manta ba a nan aka haife su ba. Wannan gwaninta za ta iya ba yaranmu katun masu kyau da harshensu, maimakon Turancin da ba su gama ji ba. Amma in za a yi, a zaɓa da ido biyu, domin ba duk abin da aka zana da launi mai haske ne na yara ba, ko a cikin jeri ɗaya. Na uwa inji zan zauna in kalla da ɗan shekara bakwai, in kuma shirya amsa tambayoyin da zai jefo mini bayan an gama, don zai jefo su. Na rushewar duniya zan jira sai ya kai goma. Abin da nake roƙon masu fassara da hukumomin tace fina-finai a jihohinmu shi ne su rubuta shekarun da ya dace a farkon kowane katun da suka saki, da Hausa, da manyan baƙaƙe, yadda uwar da ke sauri za ta gani kafin ta miƙa wayar.